Ranar da Kakana Ya Yi Hayaƙi

Duk ranar da na ɗora tukunyar nan mai ƙulle murfi, wadda ke dafa wake cikin rabin awa, ta fara huci tana fitar da tururi ta ɗan hancinta, sai in tsinci kaina ina rage wuta tun kafin lokacin ragewa ya yi. 'Ya'yana suna cewa tsoronta nake ji. Ba tsoro ba ne. Kakana take tuna mini, ni kuwa ba na son in daɗe ina tuna shi da ludayi a hannu, don raina ɓaci yake yi, miya kuma ta sha gishiri.

A Karantina na tashi, can kudancin Jidda, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Ɗaki uku ne gidanmu, rabi bulo rabi katako, da ɗan tsakar gida wanda inuwa ba ta sauka a kansa sai bayan la'asar. Idan zafi ya kama, iskar teku takan zo da danshi ta manne wa mutum a jiki, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Idan aka yi ruwan nan na sau ɗaya a shekara, lungun ya zama kududdufi, mu yara mu yi ta murna, manya kuma su yi ta kwasar tabarmi. Mu da aka haifa a nan Sidi muke ce wa kakanni, kamar yaran Hijaz. Namu ya ƙi. Ya ce shi Kaka ne, wanda ke son Sidi ya je unguwar Ruwais ya nemo. Ni kuwa, da yake ni ce babbar jikarsa mace, uwargida yake ce mini, yana zargina da cewa ban taɓa yi masa tuwo ba.

Daga wani ƙauye kusa da Haɗeja ya fito yana saurayi, a ƙasa, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya ce bari ya ɗan yi aiki ya ƙara gaba. Ɗan aikin nan shi ya cinye masa shekara ashirin da wani abu. A garin Atbara ya fara da kwasar toka a ƙarƙashin kan jirgin ƙasa, daga nan ya koma goge ƙarfe, har Allah ya sa aka miƙa masa shebur ya zama atashji, wato mai ba jirgi wuta, wanda ke tsaye gefen direba yana watsa kwal cikin murhu don tukunyar jirgi ta yi tururi. A can ya yi aure, a can aka haifi babana. Da ya tuna da abin da ya fito da shi daga gida, ya kwaso iyali suka haye teku, ya sauke farali, bai koma ba. Sai ga shi mutumin da ya san wutar jirgi kamar tafin hannunsa ya zauna a garin da babu ko taku ɗaya na layin dogo. Aikin da ya samu shi ne hura wuta a wani wurin dafa abincin biki, inda ake jera manyan tukwanen shinkafa da nama a kan itace.

To, ga abin da ya hana mu sakat a gidan nan: hayaƙi. Kaka bai yarda akwai wutar da ya halatta ta yi baƙin hayaƙi ba. A wurinsa baƙin hayaƙi makamashi ne da bai ci wuta ba, an ɗauki abincin jirgi an watsar da shi sama don lalaci. Yakan ce a Atbara babban mai duba aiki ba ya hawa jirgi, daga nesa yake tsayawa ya dubi bakin bututu, ya san wa ke riƙe da shebur. Atashjin kirki, in ji shi, idan ka dubi bututunsa ɗan shuɗi-shuɗi za ka gani kamar iska tana rawa, shi ke nan. Shi kuma a duk shekarunsa ba a taɓa nuna bututunsa da yatsa ba. Wannan magana na ji ta fiye da yadda na ji sunana.

Mahaifiyata ce ta fi shan wahalarsa. Da ta hura gawayi a kurfoti sai ka ji gyaran muryarsa daga ɗaki. Ya fito ya tsaya a kanta, hannu a baya, yana dai kallon hayaƙin yana tashi kamar wanda ke kallon gidansa na ci da wuta. Ita kuma surukinta ne, ba ta da bakin magana, sai ta sunkuyar da kai tana fifita da ƙarfi, abin ya ƙara turnuƙewa. Har maƙwabta bai bari ba. Akwai wani mai tsire a bakin lungunmu da suka shekara ba sa ga maciji, don Kaka ya gaya masa a gaban masu saye cewa naman nasa ba gasa shi yake yi ba, turara shi yake yi.

Da la'asar, idan inuwa ta sauko, yakan zauna a kan buzunsa ya ɗauki tsinke ya zana murhun jirgi a ƙasa. Ya nuna kusurwa, ya nuna gefe, ya nuna bakin ƙofa, yana bayanin inda shebur na farko ke sauka da inda na biyu ke bi, da yadda ake sauraron numfashin jirgi a san me yake so tun bai nema ba. Babana yakan ce yana da uzuri a waje. Ƙannena su gudu wasan ƙwallo. Ni nake zama, amma kada ka ɗauka don ilmi ne. Dabino yake ajiyewa a aljihu, kuma sai ya gama bayani yake fito da shi. Ina gyaɗa kai, idona na kan aljihun.

Akwai wani abu da ya fi hayaƙi damun gidanmu, shi ne takarda. Babu mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, a cikinmu. Kaka yana da wata tsohuwar takardar alhazai a cikin gwangwanin shayi, ta yi laushi kamar tsumma, wadda ta daina aiki tun ba a haife ni ba. Babana dako yake yi a kasuwar kayan miya, kullum kunnensa a tsaye, da an ce ga motar masu kame sai ya ajiye kwando ya bi ta bayan rumfuna. Ni kuma ina shekara goma ban taɓa shiga aji ba, don makaranta ba ta karɓar yaron da ba shi da takarda. Da safe nakan tsaya a bakin lungu in ga 'yan mata sun wuce da rigar makaranta da jaka, in bi su da ido har su sha kwana. Haushi nake ji, haushi na gaske, kuma ban san wa zan ji wa ba.

A farkon shekarun tamanin abin ya faru. Wani attajiri ya yi lambun shaƙatawa a bakin teku, arewa da gari, ya sa lilo da wuraren zama na iyali. Ya kuma sayo wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai tururi daga wata gonar rake da aka rufe a ƙasar waje, aka shimfiɗa masa siririn layi da ke zagaye lambun, da taragu uku marasa bango. Wanda ya zuga shi ya saya wani Bature ne injiniya da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Shi da abokansa irin mutanen nan ne da son tsohon jirgi ya shiga jininsu. Ranakun hutu sukan cika mota da ruwa su nufi hamadar wajen Madina, don kawai su ɗauki hoton gawar jiragen da Turkawa suka bari cikin yashi. Jirgi dai ya iso, an yi masa fenti, amma ya ƙi tafiya. Sai ya ja taragu rabin lambu numfashi ya ƙare masa.

Ranar da attajirin ya yi walima a lambun, wurin aikin Kaka aka ba kwangilar abinci. Suna sauke tukwane ya ji wani sauti da ya yi shekara talatin bai ji ba. Shi ya ba mu labarin da bakinsa, kuma ya ba mu shi ya fi sau ɗari. Ya ce ajiye tukunyar ya yi ya bi sautin, ya tarar da Baturen ya yi baƙi ƙirin da gumi, ya cika murhu da kwal har baki kamar mai ɗura wa buhu hatsi. Bai yi sallama ba, bai nemi izini ba. Ya karɓe shebur daga hannunsa, ya kwashe fiye da rabin kwal ɗin, ya baje sauran. Ya ɗanɗana ruwan da suke zuba wa tukunyar ya tofar, ya ce a nemo wani. Kafin a gama cin shinkafa jirgi ya zagaya lambu sau uku da yara cike da taragu, bututunsa fes.

Ban taɓa ganin tsoho ya koma yaro kamar yadda Kaka ya koma a watannin nan ba. Alhamis da Juma'a jirgin ke aiki, Baturen na tuƙi, shi yana ba da wuta, amma tun Laraba yake wanke rigarsa da kansa ya shanya. Ya daina kula kurfotin mahaifiyata. Har mai tsire ya yi wa sallama. Abin da ya fi wannan kuma, attajirin ya ce zai zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, a yi masa iƙama shi da iyalinsa gaba ɗaya. Aka kai mu wurin mai hoto, aka tsayar da ni a gaban farin ƙyalle aka ce kada in yi dariya. Aka haɗa komai aka ba mudir ɗin lambun, wato wakilin attajirin mai kula da wurin, ya sa a aljihun teburinsa. Na fara gaya wa yaran lungu cewa na kusa shiga makaranta, har ina zaɓen waɗanda zan ci gaba da kulawa.

Sai ƙorafi ya fara. Masu zuwa lambu suka ce an yaudare su. An ce musu jirgin zamanin da ne, irin wanda suke gani a talabijin yana tafe yana turnuƙe sama, ga shi wannan ko ɗigon hayaƙi babu. Wasu suka rantse injin dizal aka ɓoye a ciki. Abokan Baturen ma, waɗanda suka san gaskiya, sukan zo da manyan kyamarori su tsaya a wata kwana inda teku ke bayan jirgi, su ɗauka, su girgiza kai. Hoto ba ya kyau sai da hayaƙi. Mudir ya kira Kaka ya ce masa ya riƙa ɗan sakin duhan, wato hayaƙi, ko don baƙi. Kaka ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya gane ba wasa ba ne, ya ce a nemi wani abin, wannan kam ba zai iya ba.

Mudir bai yi faɗa ba, bai yi barazana ba. Mutum ne mai fara'a, kullum da carbi a hannu. Sai dai daga ranar, duk lokacin da babana ya je tambayar takarda, amsa ɗaya ce, bukra in sha Allah. Goben nan ta yi wata huɗu ba ta zo ba. Makarantu suka kusa buɗewa. Ranar nan mudir ya raka babana har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa, ya ce maigida zai kawo manyan baƙi ranar Idi, kuma zai so su ga jirgi kamar jirgi. Bai ambaci takarda ba ko sau ɗaya, kuma babana bai buƙaci a ambata ba.

Abin da har yau ke ci mini rai shi ne Baturen. Ya san komai. Shi ne ke tsaye gefen Kaka yana kallon hannunsa, yana cewa da gurgun Larabcinsa bai taɓa ganin mai wuta irinsa ba. Da ya buɗe baki ya gaya wa attajirin cewa abin da kuke kira aibi shi ne gwanintar, da an saurare shi, don a lambun nan maganar Bature ba ta faɗuwa ƙasa. Bai faɗa ba. Shi ma yana son hoton.

A gida kuwa wuta ta kama. Babana mutum ne mai kunyar mahaifinsa, ban taɓa jin ya ɗaga masa murya ba sai ranar. Bayan la'asar ne, muna tsakar gida, ya durƙusa a gabansa yana magana ƙasa-ƙasa, a hankali muryar ta riƙa hawa. Ya ce ya gaji da gudu ta bayan rumfuna da furfura a gemunsa. Ya ce mai duba aikin Atbara ya daɗe da zama ƙasa, babu mai kallon bututun kowa.

"Halas, ya isa haka, Baba," in ji shi. "Wa zai sani? Wa ya damu?"

"Ni zan sani," in ji Kaka.

Babana ya tashi ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba. Mahaifiyata ta shige ɗaki. Aka bar ni da shi, yana ta juya tsinken nan a hannu bai zana komai ba. Ni a lokacin ban ga wani mutunci ko gwaninta a cikin maganar ba. Abin da na gani shi ne tsoho mai taurin kai ya tsaya tsakanina da jakar makaranta. Na matsa kusa da shi, na yi muryar shagwaɓar da nake karɓar dabino da ita.

"Kaka, hayaƙi ne fa kawai."

Ya juyo gare ni. Ya tambaye ni ko da gaske ina son makarantar nan. Na ce ina so, na fashe da kuka, kuma kukan na gaske ne. Ya ajiye tsinken.

"To, uwargida. Je ki ce wa babanki ya samo tsohon tiyub na mota da baƙin mai."

Washegari babana ya kawo daga wurin mai faci. Kaka ya gaya mana yadda za a yi cikin numfashi ɗaya, yana kallon bango, ya ce wannan ko jaki aka nuna wa zai iya. Ni na yanka tiyub ɗin da almakashin ɗinkin mahaifiyata, tsiri-tsiri, ina jerawa a tsohon gwangwanin madara, babana na zuba mai. Ina yanka ina waƙa. Wannan ma ban manta ba, ko da na so mantawa.

Ranar Idi aka bar iyalan ma'aikata su shiga lambu. Na sa sabuwar riga mai ruwan goro, na zauna a taragon ƙarshe tare da mahaifiyata da ƙannena. Zagayen farko lafiya lau, bututu fes kamar kullum, har na fara tsoron ya fasa. A na biyu, da muka doso kwanar nan, na hango attajirin da baƙinsa cikin fararen riguna, da Turawa sun jera kyamarori a kan ƙafafu. Baturen ma ya ba wani abokinsa tuƙi ya sauka da tasa. Na ga bayan Kaka ya sunkuya. Sai wani baƙin abu ya taso daga bututun, mai kauri, yana murɗawa, ya rufe teku, ya rufe rana. Wari ya cika mana hanci, yara suna tari suna shewa. Baƙi suka hau tafi, ɓurɓushin baƙi na sauka a kan rigunansu suna kakkaɓewa suna dariya. Ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi zafi.

Da muka koma gida Kaka ya daɗe a makewayi yana wanka, har mahaifiyata ta damu da ruwan da ke ƙarewa a randa. Aka kai masa naman Salla, ya ce a rufe masa. Da safe aka ɗauke kwanon yadda aka ajiye shi.

Sati uku bayan nan takarda ta fito. Babana ya riƙe ta da hannu biyu yana juyawa, ya kai wa Kaka, Kaka ya ce ma sha Allah, bai karɓa ba. Na shiga aji ɗaya ina shekara goma sha ɗaya, na fi kowa tsawo, aka ajiye ni a bencin baya kamar sandar rake cikin albasa. Kaka ne ya raka ni ranar farko. Ya tsaya nesa da ƙofa har na shige, kuma ban waiwaya ba don ina sauri.

Hayaƙin kuwa bai tsaya a ranar Idi ba. Tunda an ga ana iyawa, sai ya zama na kowace Alhamis da Juma'a, kowane zagaye, a kwanar nan. Yankan tiyub ya zama aikina na ranar Laraba. Kaka ya ci gaba da zuwa aiki, amma ya daina wanke rigarsa da kansa, ya daina ba da labarin ranar walima, ya daina zane a ƙasa. Dabinon ma sai ya miƙo mini haka nan, ba sai na saurari komai ba. Da na ɗan yi wayo a makaranta, aka koya mana yadda ruwa ke zama tururi, na dawo da zumuɗi na ce ya sake nuna mini yadda ake jera kwal ɗin nan. Ya ce in je in yi karatuna, wannan ba abin da zai amfane ni ba ne. Na sake tambaya sau ɗaya ko biyu, na ga ba ya so, na bari. Yaro ba ya naci a kan abin da babu dabino a ƙarshensa.

Jirgin bai kai shekara biyu ba. Kunkunniyar roba ta toshe masa hanyoyin wuta, tukunyar ta fara yoyo, babu mai gyara a garin. Kwangilar Baturen ta ƙare, ya koma ƙasarsu da hotunansa. Aka jawo kan jirgin aka girke a bakin ƙofar lambu, aka sake masa fenti ja da kore, yara na hawa suna cin gurguru a kai. A madadinsa aka kawo wata mota mai taya da aka yi wa siffar jirgi, da bututun ƙarya. Attajirin bai kori Kaka ba, a nan dole in yi masa adalci. Ya bar shi yana ba furanni ruwa, a daidai bakin ƙofar, inda zai wuni yana kallon jirgin. A haka ya yi sauran shekarunsa, har ya rasu ina aji shida. Lambun ma daga baya an rufe shi, an yi gine-gine a wurin. Ban san inda aka kai kan jirgin ba, wataƙila masu sayen tsohon ƙarfe sun auna shi.

Yanzu a unguwar Madain Fahd nake zaune, a bene hawa na biyu, ina koyar da yara mata a wata ƙaramar makaranta. Iƙamar da ke jakata, da ta 'ya'yana, idan ka bi asalinsu, daga bututun nan suka fito. Ba ni da bakin cewa da ma ba a yi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi, ko haushin ma ba ni da ikon jin sa yadda nake so.

Bara, wato 2012, babban ɗana ya kira ni in zo in ga wani abu a kwamfuta. Yaron yana jin Hausa sarai, amma idan zai amsa rabi Larabci ne. Na taɓa ba shi labarin jirgin a taƙaice, shi kuma ya shiga bincike har ya faɗa wani dandali na masu son jiragen tururi. Ga hoton nan, ya cika fuskar kwamfutar. Teku, ɗan jirgi, baƙin hayaƙi ya cinye rabin sama, a ƙasa kuma ga wani siririn tsoho ya sunkuyar da kai, ba ya kallon kowa. In ban da ɗan hoton iƙama da ya ɓace tuntuni, ba mu da hotonsa ko ɗaya a duniya sai wannan. A ƙarƙashi mutane daga ƙasashe sun yi ta rubutu, ɗana na fassara mini. Duk hayaƙin suke yabo.

Baturen ne ya sa hoton, yana nan da rai, ya tsufa. Ɗana ya rubuta masa cewa mutumin nan kakan mahaifiyarsa ne. Bayan kwana biyu amsa ta zo, doguwa. Ya ce bai manta da shi ba. Ya ce a garinsu shi da wasu tsofaffi suna riƙe da wani ɗan layin jirgin tururi na 'yan yawon buɗe ido, aikin sa kai, amma abin na neman mutuwa a hannunsu. Waɗanda suka iya wuta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, samari ba sa zuwa koyo, kwal mai kyau ya yi wuya sai maras kyau. Gidaje sun matso kusa da layin, mutane na kai ƙara saboda hayaƙi, an ce musu ko su gyara ko a rufe. Ya ce a rayuwarsa mutum ɗaya ya gani yana tafiyar da jirgi da mugun kwal ba tare da hayaƙi ba. Yana roƙo, ko tsohon ya bar wani rubutu, ko akwai wani a zuriyarsa da ya koya.

Na sa ɗana ya maimaita mini sau biyu. Mutanen nan sun adana ƙarfe, sun goge shi, sun yi masa fenti, sun ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa, sun bar hannun da ya san shi ya tafi kabari da abin da ke cikinsa. Yanzu da ruwa ya ƙare musu sun tuna da hannun. Na so in zage shi, har na shirya kalmomin a bakina. Sai na tuna wa ya fi kowa zama kusa da tsohon nan, shekara da shekaru, kunne a buɗe, hankali a wani wuri.

Ɗana ya ɗora yatsunsa a kan madannai yana jira.

"Ummi, ke kin iya? Esh zan ce masa?"

Na ce ya rubuta: a yanka tiyub faɗin yatsa biyu, a jiƙa shi cikin baƙin mai ya kwana, a jefa guda huɗu a tsakiyar wuta, a rufe ƙofar iska. Ya juyo yana kallona, ya ce ai wannan na yin hayaƙi ne, mutumin na hana shi yake tambaya.

Na ce na sani. Shi kaɗai aka nema a wurin Kaka, kuma shi kaɗai na koya.